Wanda Aka Kira Gida da Turanci

Jawabin da Maestra Remedios Macatangay ta yi a tsakar gidan marigayi Maestro Anacleto Dimaculangan, a ƙauyen San Telmo na lardin Batangas, ranar addu'ar arba'in.

Fada Dimayuga, shugaban cocinmu. Kapitan Ilagan, mai unguwarmu, da 'yan majalisarsa. Shugabar makarantarmu da malamanta. Lola Sela, wadda ta ja mana addu'a tun ranar farko har muryarta ta dishe. Clifford, ɗan marigayi, da ke nan tare da mu, da iyalinsa da ke kallonmu ta waya daga Kanada. Sauran dangi, tsofaffin ɗalibai, maƙwabta, da ku direbobin keke mai ƙafa uku da kuka tsaya a bakin shinge kuna jin kunyar shigowa, ku shigo, gidan malaminku ne. Sannunmu da rashi.

An ce in taƙaita. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a ajina ba.

Na san wasunku suna mamakin yadda aka zaɓe ni, don duk garin nan babu wanda ya yi faɗa da Maestro Cleto kamar ni. Shekara talatin da ɗoriya bangon katako ɗaya ne ya raba ajinsa da nawa, shi yana koyar da Turanci, ni ina koyar da Tagalog, kuma bangon yana da ramin da in ya yi tari sai na ji. Ni ce kuma na riƙe ɗansa ranar baftisma, shi ya sa nake ce masa Kumpare, shi yana ce mini Kumare, Clifford kuma yake ce mini Ninang. Saboda haka ba baƙuwa ce ke magana ba, kuma ba zan shafa masa mai ba. Shi ma da ni ce a kwance ba zai shafa mini ba.

Ya kasance mutum mai farar riga. Ko ranar da ruwa ya cinye hanya, za ka gan shi ya naɗe ƙafar wando, takalmi a hannu, rigar nan fes kamar yanzu aka ɗauke ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Ya kasance mai zuwa kafin ƙararrawa. Ya kasance mutumin da in ya shigo kasuwa masu kifi sukan rage murya, ba don tsoro ba, sai don kowace a cikinsu ta taɓa tsayawa gabansa tana gumi a kan kalma ɗaya.

Mun san yadda muke zaune a ƙasar nan da baki biyu. Turanci yana kotu, yana banki, yana jikin kwalbar magani, yana filin jirgin sama. Tagalog yana kasuwa da kicin da wurin faɗan zakaru, shi ake zagi da shi, shi ake lallashin jariri da shi. Likita zai rubuta maka cutarka da Turanci, kai kuwa da Tagalog za ka yi nishinta. Yaran Manila sun dama biyun a kwano ɗaya suna sha, su ta shafa. A kan wannan muka yi ta gardama ni da Kumpare, kullum lokacin cin abincin rana, ƙarƙashin mangwaron makaranta.

Sai ya ce, "Kumare, Tagalog ɗin nan naki iyakarsa ina? Ki hau jirgin ruwa ki sauka Cebu, inda suke da nasu harshen, ki yi musu shi, su amsa miki da Turanci don haushi. Nawa kuwa har inda ƙanƙara ke zuba ana jin sa."

In ce, "Je ka Hong Kong ranar Lahadi ka ga 'yan matanka masu aikatau zaune kan kwali a bakin titi. Da Turancinka suka sami aiki, amma ka kasa kunne ka ji da me suke kuka."

Ya ce, "Su yi kukan da ciki a ƙoshe."

Ni kuma sai in tsame masa soyayyen kifinsa in cinye, shi ke nan an tashi.

Ba zan tsallake zancen allon ba, don rabin mazan da ke wurin nan sun rataya shi. Ɗan katako ne da igiya. Duk wanda aka ji ya yi Tagalog a ajin Maestro, a wuyansa zai wuni, sai in ya kama wani ya miƙa masa. Kapitan, ba sai ka sunkuyar da kai ba, kai kam ai kusan da shi ka gama firamare. Wata rana na ga wata yarinya tana kuka da shi a bakin famfo, na fizge na shiga ajinsa na jefa masa a kan tebur gaban yara. Na zaci zai yi mini tsawa. Amma sai da aka tashi ya same ni ina share allo, ya ba ni labarin da bai sake maimaitawa ba har ya koma ga Allah. Yau zan faɗe shi, don ɗansa bai sani ba, kuma ya kamata ya sani.

Mahaifinsa, Mang Islaw, shi ne bakin ƙauyen nan a zamaninsa. In za a je neman aure shi ake sa wa gaba, in 'yan'uwa sun yi rikicin iyaka shi ke zama tsakani, ya yi ta juya magana har masu faɗa su manta abin da ya haɗa su. Sai wani mai hali daga birni ya ce gonar kwakwarsu tasa ce. Aka je kotu, Cleto yana ɗan shekara tara ko goma, yana riƙe da gefen rigar ubansa. Alƙali ya yi Turanci, lauyoyi suka yi Turanci. Da aka ce Mang Islaw ya yi magana, mutumin nan da duk lardin ke sauraro ya cire hularsa ya danne ta a ƙirji, ya dubi tafinta ya ce, "Ka ce wa ranka ya daɗe ya yi haƙuri, ban iya Turanci ba." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Gonar ta tafi, kuma bai ƙara zuwa neman auren kowa ba.

Cleto ya ce mini, "Kumare, na rantse babu yaron garin nan da zai sake tsayawa haka da hula a ƙirji. Su tsane ni, ba komai."

Ban daina ƙin allon ba, har yau ban daina ba. Amma tun ranar na daina ce masa mugu.

Ya kasance mai cika rantsuwarsa. Ya kasance mai buɗe barandar nan kowace Asabar ga duk mai shirin jarrabawar nas ko aikin jirgin ruwa, bai taɓa karɓar ko ƙwai ba. Ku dubi rufin kwanon da ke layin nan, ku dubi gidajen siminti, ku tambayi kanku bakin wa ya fara gina su. Ya kasance, lokacin da dutsen nan mai aman wuta na tsakiyar tafki ya yi aman toka muka kwashe zuwa makarantar gari, tsoho mai shekara tamanin da ya tsaya gaban baƙin da suka kawo agaji ya yi musu bayaninmu da Turancin da ya sa suka gyara tsayuwa. Ranar na tsaya bayansa ina alfahari, ko da yake ban gaya masa ba, don kansa ya riga ya isa girma.

Amma rantsuwa ba ta san iyakar makaranta ba, har gida ta biyo shi. Wancan dokin ƙofar da kuke gani, daga shi zuwa ciki ba a Tagalog. Marigayiya Puring, matarsa, sai ta shiga kicin ta ja ƙofa kafin ta yi wa tukunya mita da harshen uwarta. Clifford ya tashi a tsakiyar Batangas yana jin mu kamar ta bayan bango, yana tsintar kaɗan, ba ya iya mayarwa. Da ya tafi Kanada uban ya yi ta yawo da hotonsa a aljihun farar riga yana cewa, "Ko Turawan ba sa gane baƙo ne."

To, ga abin da ya faru a asibiti. Na san an yi ta faɗinsa a bakin shago, kowa da irin nasa, ni kuwa ina wurin.

Da hawan jini ya buge shi ya faɗi a barandar nan, ya farka bayan kwana biyu, Turancin ya tafi. Duka. Kamar an share allo da jiƙaƙƙen tsumma. Likita ya ce hakan na faruwa, abin da aka koya daga baya yakan riga tafiya. Abin da ya rage a bakinsa Tagalog ne, kuma ba nawa na littafi ba, irin na mutanen da, mai nauyi, irin wanda kakata ke yi. Shekara hamsin ina zaune kusa da mutumin nan ban san yana ɗauke da shi ba. Ya roƙi ruwa da shi, ya tambayi ko an ɗaure saniya, saniyar da ta mutu tun kafin a haife ni.

Clifford ya iso da rana tsaka, kai tsaye daga filin jirgi, da kwat ɗinsa a hannu. Ya kama hannun uban ya kai goshi, ya shiga yi masa magana da Turanci, yadda ya saba tun yana rarrafe, yadda uban da kansa ya koya masa. Cleto ya ƙura masa ido. Na ga ya yi ƙoƙarin gyara zama. Sai hannunsa mai lafiya ya tashi ya je kansa, ya laluba kamar mai neman hula, ya sauko ya danne ƙirji. Ya juyo gare ni ya ce, "Ki ce wa ranka ya daɗe ya yi haƙuri, ban iya Turanci ba."

Na ce, "Kumpare, ɗanka ne. Clifford ne."

Ya ce, "A ba baƙon kujera. A ba shi abinci, daga nesa yake."

Clifford ya ce mini, "Ninang, me ya ce?" Ya ji, na san ya ji, wannan ai bai fi ƙarfinsa ba. So yake in ce masa ba haka ba ne. Na daɗe a duniya, na binne miji, na binne ƙanne biyu, amma ban taɓa jin sanyi ya ratsa ni irin na ranar ba. Kwana uku ɗan yana zaune a gefen gado, uban yana yi masa ladabi, har ya cika.

Kun san al'adarmu. Wanda ya cika a waje, ba a ɗauko gawarsa a bar ransa can. Babban ɗa zai kira sunansa a bakin gado, ya kira a ƙofar asibiti, ya kira a kowace gada da kowace mararraba, yana ce masa ya taho, gida za mu, kada ya tsaya, har a tsallaka da shi dokin ƙofa. Lola Sela ta aika wa Clifford da wannan, ya kuwa yi, bai tsallake gada ko ɗaya ba. Mang Tasyo, wanda ya tuƙa motar gawar, shaida ne, ya ce har leƙa kai yake ta taga yana kira yana hawaye. Sai dai da Turanci ya kira.

Lola Sela ta ce wa Tasyo, "Kai kuma kana zaune da kunnuwanka kamar na tukunya, ba ka ce masa komai ba?"

Tasyo ya ce, "Lola, ni da na yi shekara biyu a aji huɗu, ni zan gyara wa ɗan Maestro magana? Ai na zaci haka masu ilimi ke yi."

Kada kowa ya zargi Tasyo. Da wani ne a cikinmu ya riƙe sitiyarin, da shirun da zai yi ke nan. Haka aka yi mu, in an yi Turanci sai mu gyara tsayuwa.

Tun daga ranar gidan nan shiru. Kun san mamatanmu ba sa tafiya ba sallama. Da Puring ta rasu, mako guda murafun tukwanenta suna ƙara da kansu, har Cleto, wanda ba ya yarda da komai sai abin da ke cikin littafi, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce mata ta bari haka. Mijina ƙamshin tabarsa ya cika mini ɗaki. Wani mamacin kuma, baƙin malam-buɗe-littafi ne zai shigo ya sauka a kan hotonsa. Amma Cleto, ko alama. Lola Sela ta barbaɗa toka a dokin ƙofa, kowace safiya mu zo mu duba, tokar nan lumui, sai sawun kyanwa. Kujerarsa ba ta motsa ba. Karensa ba ya kallon ƙofa, titi yake kallo.

Sai masu keke suka fara magana. Sun ce a gadar farko in ka baro birni, da rana tsaka, akwai wani tsoho mai farar riga da ke tsayawa a gefen titi yana leƙa kowace mota. Ba ya tsayar da kowa. Hannunsa ɗaya a ƙirji. In ka waiwaya babu shi.

Ni malamar makaranta ce, ga kuma Fada a zaune, ba zan tsaya nan in ce muku na yarda da zancen masu keke ba, mutanen da in sun sha giyar kwakwa har kifi mai ƙafa suke gani. Amma ranar Talata na je karɓar magani a birni, da muka zo gadar na rufe idona, ban buɗe ba sai da muka wuce. Ba tsoron ganinsa nake ba. Tsoro nake in gan shi ya dube ni da ladabi.

Fada ya ce mana Allah yana jin kowane harshe, kuma gaskiya ne, Fada, ban musa ba. Allah yana ji. Cleto ne ba ya ji.

Yanzu bari in juyo gare ka, Clifford. Ɗago kai ka dube ni, ni na riƙe ka kana tsala ihu a gaban ruwan baftisma, babu abin da za ka ɓoye mini.

Jama'a, yaron nan bai koma bakin aikinsa ba, suna ta kira yana ce musu gobe. Kullum da la'asar yana barandata yana cewa in maimaita masa kiran. Kalmomin ba su da yawa, ɗan aji ɗaya zai haddace kafin a tashi tara. Ya iya su tsaf. Amma da ya buɗe baki sai muryar ta maƙale. Sau ɗaya ya gwada a gaban 'yan'uwansa, suka kwashe da dariya wai kamar Bature na cinikin mangwaro. Na san ku, kuna can bayan tukunyar taliya, ba sai na kama suna ba. Ya ce mini, "Ninang, ba dariyarsu ce ta dame ni ba. In na fara sai in ji kamar yana tsaye a bayana. A gidan nan ban taɓa yi ba. Ina jin kamar zan saɓa masa ne yana kwance."

Ɗana, ka ji labarin kakanka yanzu. Ubanka bai hana ka harshen nan don ya raina shi ba. Tsoro ne ya sa, tsoron yaro mai riƙe da gefen riga. Ya ba ka abin da ya ga an kayar da ubansa da shi, ya ɓoye ɗayan a can ƙasan ransa inda ko ni ban gani ba, kuma da komai ya zube, shi ne ya rage masa. Ba ka yi laifi ba da ka kira shi yadda ya koya maka. Amma mutumin da ke tsaye a gadar can, in yana can, ba Maestro ba ne. Ɗan Mang Islaw ne, yana jiran ya ji muryar gida.

Yau arba'in. Iyayenmu sun ce daga yau rai ke barin duniya, ba ya ƙara waiwaye. Gobe kuma jirginka zai tashi. Ni ban san abin da ke bayan mutuwa ba, sai abin da Fada ya karanta mana. Abin da na sani, ba zan so ƙaramin ɓarawo ma ya tashi daga gefen titi ba, balle mutumin da ya raba bango da ni. Kuma ba zan so ka hau jirgi da wannan dutsen a ƙirji ka kai shi ƙasar ƙanƙara ba, don can babu wanda zai taya ka sauke shi.

Saboda haka ga abin da muka shirya ni da Lola Sela da Kapitan. Motoci biyu suna bakin shinge, Tasyo ne a gaba. Abinci zai jira, a rufe shi saboda ƙuda. Za mu je ƙofar asibiti mu faro daga can, gada bayan gada, kai kana kira, mu muna amsa maka daga baya. In harshenka ya karkace, ya karkace. Duk wanda na ga haƙorinsa a waje, da hannuna zan sauke shi ya tako da ƙafa.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya Clifford ya tarar da allon nan a bayan kabad ɗin ubansa, igiyar ma tana nan, ya kawo mini ya ce me zai yi da shi. Gahawar da kuka sha da safen nan, kuna cewa ta yi daɗi, da allon aka hura wutarta. Babu sauran abin da za a rataya wa kowa a gidan nan.

A madadin iyali ina godiya ga Fada, da Kapitan, da matan da suka kwana tara suna jan carbi, da waɗanda suka kawo shinkafa da kyandir da kujeru, da ɗalibansa da ke kan teku da asibitocin duniya da suka aiko da gaisuwa, yawancinsu da Turanci mai kyau, da ya gani da ya ji daɗi.

Ya Ubangiji, Kai da ka san maganar mutum tun ba ta kai harshensa ba, ka ji ƙan bawanka Anacleto. Ka yafe masa tsananinsa, ka dubi abin da ya sa shi. Ka buɗe kunnensa yau ya gane muryar ɗansa. Ka sada shi da Puring, da Mang Islaw, a inda babu wanda zai tsaya da hula a ƙirji yana ba da haƙuri. Mu da muka rage, ka ba mu haƙuri da juna. Amin.

Tashi, Clifford, ba ni hannunka, gwiwata ba ta son matakalar nan. Lola Sela ta zuba sabuwar toka, kowa ya tsallake ta. Wanda ya fita ƙarshe kada ya rufe ƙofar.